Fasta a Bango: Lacca ga Malaman Zane-zane da Ɗalibansu

Assalamu alaikum. Malamai 'yan'uwana da ɗalibanmu, sannunku da zuwa. Na baya ku ɗan matso gaba, fankar nan tana cinye murya.

An ce in yi magana kan farfaganda da koyar da zanen fasta a aji. A makarantu da yawa an raba abin gida biyu: farfaganda ta malamin tarihi ce, fasta ta malamin zane. Ni dai ban yarda da wannan rabo ba. Yaron da bai taɓa haɗa fasta da hannunsa ba, ya zaɓi abin da zai nuna da abin da zai ɓoye, da wuya ya farga ranar da wani ya yi masa irin wannan dabara.

Mu je Ingila, shekarar 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani mai zane, Alfred Leete, ya zana sakataren yaƙi, Lord Kitchener, don kiran samari shiga soja. Ku dubi abin da ke cikin zanen: hular soja, ƙaton gashin baki, ido biyu, da ɗan yatsa da ya miƙo kanka. An zana idanun suna kallon gaba sak, shi ya sa ko ina ka tsaya sai ka ga kai suke kallo. Hannun ma an turo shi gaba, kamar zai fito daga takardar ya taɓa ka. To, me babu? Babu gawa, babu ramukan da sojoji ke kwana cikin taɓo, babu uwar da za a kai wa saƙon mutuwa. A 1917 James Montgomery Flagg ya ɗauki wannan tsari ya zana Uncle Sam, dattijon da ake wakiltar Amurka da shi a zane, aka buga kimanin miliyan 4. Ba wanda ya shara ƙarya a cikinsu. Cirewa kawai aka yi, kuma a nan ƙarfin fasta yake.

A Jamus, daga 1933, Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ya mai da abin ma'aikata sukutum. Launi da manyan haruffa iri ɗaya ne, sai dai an juya su kan mutane: a zana Bayahude da muguwar kama, har mai kallo ya daina ganinsa a matsayin ɗan Adam. Guguwar ta iso har nan. Cikin dalilan da suka sa aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 akwai kashe jita-jitar cewa za a miƙa Najeriya ga Hitler. Kada ku manta, Turawan da suka kafa ta su ma suna da tasu manufar.

'Yan siyasarmu kuwa sun daɗe da gane cewa hoto ya riga rubutu isa. Ku dubi alamomin jam'iyyun da: NPC fartanya, NEPU tauraro, NPN gida da masara, PRP mabuɗi. Wanda bai yi boko ba ya ga masara, ya san an yi masa alkawarin ƙoshi.

Yanzu mu koma aji. Ku raba yara gida biyu, ku ba su magana ɗaya: akwai bishiyar darbejiya a harabar makaranta, ana so a sare a gina aji. Waɗannan su zana fastar a sare, waɗancan ta a bari. Sharaɗi guda, ba ƙarya. Za ku ga ɓangare ɗaya ya zana yara a cunkushe a ƙasa, ɗayan ya zana inuwa da tsakar rana. Kowa gaskiya ya faɗa, kowa kuma ya danne rabi. Idan an manna, ku tambaye su: me kuka cire, don me? Daga nan sai yaro ya fara yi wa fastocin titi tambaya: wa ya biya kuɗin bugawa, me yake so in yi?

Ta fuskar aikin hannu, yara suna son cika kwali da komai, sai kun hana. Hoto ɗaya, launi biyu ko uku, kalmomi kada su wuce biyar ko shida. Rubutu mai duhu a kan haske, ko mai haske a kan duhu. Yaro ya gama, a manna a allo, ya koma ƙarshen aji ya duba. In bai karanta ba daga can, ɗan acaɓa da ke wucewa a guje ba zai karanta ba. A unguwar da ajami ya fi tafiya, a yi da ajami, ba laifi.

Abu ɗaya ne ba na sassautawa. In fasta tana buƙatar abokin gaba, ya zama sauro, ko ƙazanta, ko satar jarrabawa. Kada ku bar yaro ya zana wata ƙabila ko wani addini a wannan gurbi, ko da wasa. A Ruwanda, kafin kisan 1994, rediyo da jarida sun daɗe suna kiran 'yan Tutsi kyankyasai.

Na ga shugaban taro yana duba agogo. Mako mai zuwa kowa ya ɗauko hoton fasta ɗaya daga unguwarsu a waya, mu feɗe su tare. Mai tambaya ya ɗaga hannu.