Amsoshin Tambayoyinku: Albam ɗin Gambara, Daga Situdiyo Zuwa Kunnen Jama'a

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kamar an haɗa baki, kusan duk a kan gambarar zamani suke, wato hip hop: yadda ake haɗa albam, yadda ake sakinsa, da yadda jama'a ke karɓarsa. Tare da ni akwai Injiniya, mai ɗaukar murya da tace sauti, sai kuma Barista, wadda ta san dokar haƙƙin mallaka ciki da bai. Tambayoyi tuli, lokaci ƙalilan. Barista, ga ta farko daga Maraɗi: waƙa nawa ake tarawa kafin a ce albam ne?

Barista: A ƙa'idar dandamali irin su Spotify, waƙa 7 zuwa sama, ko kuma jimlar tsawonsu ta wuce minti 30. Huɗu zuwa shida da ba su kai minti 30 ba, EP ake kira, wato ƙaramin albam.

Mai gabatarwa: Maraɗi, ka ji. Sai wani ɗalibi daga Zariya, ya ce yayansa ya hana su sakat a gida da zancen wani albam mai suna Illmatic, wai ba a taɓa yin kamarsa ba. Ya ce shi ya saurara, ya ga waƙa goma ce kacal, me aka gani a ciki? Injiniya, raba mana wannan gardama ta wa da ƙani.

Injiniya: To, yayan nasa bai yi ƙarya sosai ba. Na Nas ne, cikakken sunansa Nasir bin Olu Dara Jones.

Mai gabatarwa: Af, ashe Nasiru ne.

Injiniya: Nasiru ne, amma na unguwar Queensbridge a birnin New York. Kamfanin Columbia ya saki albam ɗin ranar 19 ga Afrilu, 1994, yaron yana ɗan shekara 20. Waƙa goma, duka-duka ba su cika minti 40 ba. Abin da ya bambanta shi a lokacin, an saba makaɗi ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta riƙe albam daga farko har ƙarshe. Shi sai aka tara masa gwanaye: DJ Premier, Pete Rock, Large Professor, Q-Tip da L.E.S. Kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ya kawo, sai ya koma ya ƙara wasa wuƙarsa. Baƙon mawaƙi mai baiti guda ɗaya ne, AZ, kuma a ƙarshen wannan waƙar mahaifin Nas, Olu Dara, ya busa ƙaho. Kuma ku dubi kayan aikin zamanin. Na'urar yanko sauti da haɗa kiɗa, SP-1200, da irin su Pete Rock suka shahara da ita, sautin daƙiƙa 10 kawai take iya riƙewa. Daƙiƙa goma fa! Sai su ƙara wa faifan garmaho gudu, su ɗauka, sannan su rage gudun a cikin na'urar don su ci ribar lokaci, shi ya sa kiɗan yake fita da wani kaushi-kaushi, kamar an barbaɗa masa yashi, kuma har yau akwai masu biyan kuɗi su sayi manhajar da za ta kwaikwayi wannan kaushin, alhali...

Mai gabatarwa: Injiniya, Injiniya. Yaron nan karɓuwa ya tambaya, ka shige cikin na'ura.

Injiniya: Afuwan. Mujallar The Source ta ba shi makirufo biyar, maki mafi girma a wajenta. Amma kasuwa ta yi sanyi. Masu satar fasaha sun riga sun baza kaset kafin ranar fitarwa. Ya shiga jadawalin Billboard a mataki na 12, kwafi kimanin 60,000 a makon farko. Bai kai matakin zinare ba, wato kwafi 500,000, sai a Janairun 1996, miliyan ɗaya kuwa sai Disamban 2001. A 2021 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanya shi cikin faya-fayen da ake adanawa don tarihi.

Mai gabatarwa: Ɗan Zariya, je ka ba yayanka haƙuri. Ni dai ra'ayina, masu cusa waƙa 25 a albam guda suna gajiyar da mu. Yanzu ga tambayar da ta fi kowacce yawan masu aikowa, daga Kano, Damagaram, Jos, har da Yawunde. Zan haɗe su. Wasu sun ce sun yanko kalangu da murya daga tsohuwar waƙar marigayi Mamman Shata sun ɗora gambara a kai. Wasu kuma sun sauko da kiɗa daga YouTube da aka rubuta masa "kyauta". Duk suna tambaya: za su iya sakawa a albam su sayar? Barista, a hankali don Allah, wannan ta shafi mutane da yawa.

Barista: A hankali kuwa. Duk waƙar da ka ji a faifai, haƙƙi biyu ne a kanta. Na ɗaya, haƙƙin waƙar kanta, wato baitoci da karin. Na biyu, haƙƙin ɗaukar, wato wannan sautin da aka naɗa a wannan ranar. Sau da yawa masu su daban-daban ne: na farko na mawaƙi ko magadansa, na biyu na wanda ya ɗauki nauyin naɗar, kamfani ne ko gidan rediyo. In ka yanko daga faifan, ka taɓa duka biyun, izini biyu za ka nema. In kuwa ka kira makaɗi ya sake kaɗa maka karin a situdiyo, ka tsallake na biyu, amma na farko yana nan yana jiranka.

Mai gabatarwa: Tsaya in maimaita. Yanka daga faifai, izini biyu. Sake kaɗawa da hannu, izini ɗaya. Babu inda aka ce babu izini.

Barista: Babu. Kuma masu cewa ai Shata ya rasu, waƙarsa ta zama ta kowa, su saurara. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Shata ya rasu a 1999, ku yi lissafi, sai ƙarshen 2069. Haƙƙin ɗauka shi ne shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da faifan. Akwai kuma wata tatsuniya da ke yawo a situdiyo, wai in yankan bai wuce daƙiƙa biyar ko bakwai ba, babu laifi. Babu dokar da ta faɗi haka.

Injiniya: Ko ka sauya masa gudu, ko ka juya shi baibai, na'urar gano sauti ta YouTube takan kama da yawa daga ciki.

Barista: Kuma an ga misali a inda gambarar ta fito. A Disamban 1991 wata kotu a New York ta yanke hukunci a kan mawaƙin gambara Biz Markie saboda ya yanko daga waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba. Alƙalin ya buɗe hukuncinsa da umarnin nan na Attaura da ya haramta sata, aka kwashe albam ɗin daga kasuwa. Tun daga nan kamfanoni suka daina sakin albam sai an sami izinin kowane yanka. Ƙungiyar gambara ta De La Soul kuwa, albam ɗinsu na farko na 1989 ne, amma tsofaffin ayyukansu ba su hau dandamalin sauraro ba sai 3 ga Maris, 2023, saboda rikicin kwantiragi da na yanke-yanken da ke ciki. Ɗaya daga cikinsu ya rasu saura 'yan makonni a saki.

Mai gabatarwa: Allahu akbar. To na YouTube fa, mai tambarin kyauta?

Barista: Wannan kyautar da sharaɗi take zuwa. Yawanci ma'anarta ka yi atisaye da shi, ko ka saka inda ba ka samun kuɗi. In za ka sayar, lasisi za ka saya, kuma iri biyu ne. Akwai haya: mai kiɗan zai ba ka, ya ba wani, ya ba mutum ɗari, kuma yakan ƙayyade iyakar sauraron da za ka kai kafin ka sabunta. Akwai kuma saye na kai kaɗai, ya fi tsada, daga nan ba zai ƙara sayar wa kowa ba, sai dai waɗanda suka riga ka haya suna nan da nasu har wa'adinsu ya cika. Ka karanta takardar. Sannan tun kuna situdiyo, kafin kowa ya tashi, ku rubuta takardar rabo: sunan waƙa, wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, kashi nawa na kowa, jimla ta cika 100, kowa ya sa hannu. An fi sabawa da rabi na masu baiti, rabi na mai kiɗa, amma yarjejeniya ce. 'Yan Najeriya su nemi ƙungiyar karɓar haƙƙi irin MCSN, 'yan Nijar kuma BNDA a Yamai.

Mai gabatarwa: Na sake maimaitawa don na baya: kyautar YouTube ba ta kai ka kasuwa, haya daban saye daban, takardar rabo kafin a watse. Ku samari, kunyar rubuta takarda da aboki ita ke kashe abotar daga baya, na faɗa muku. Sai wata ƙanwarmu daga zangon Kumasi, ta ce a ɗaki take ɗauka, muryarta tana fita kamar daga cikin rijiya.

Injiniya: Ɗakin ne, ƙanwata. Bango huɗu na siminti suna maido miki da muryar. Jingina katifa a bayanki, rataya barguna a gefe, shimfiɗa darduma, kada ki tsaya a kusurwa ko a tsakiyar ɗaki cif. Tsakanin baki da makirufo kamar taƙi guda, santimita 15 zuwa 20, da rariyar tare iska a tsakani, don "f" da "b" namu suna feso iska, "ts" da "sh" kuma suna tsaga kunne. Ma'aunin shigar murya ya riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6 a na'urar ɗaukar, kada ya taɓa ja, muryar da ta fashe a ɗauka babu mai ɗinke ta. Ki ɗauka a WAV, nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba, bit 24. A kashe fanka, janareta ya yi nisa. Kuma ki lura da tsawon wasali: in kin matse "gari" na tuwo don ya shiga kiɗa, ya koma "gari" na mutane, baitin ya tashi daga ma'anarsa. Gara ki rage kalma.

Mai gabatarwa: Daga Anjamena, a taƙaice: baiti nawa a waƙa?

Injiniya: Abin da aka saba, ɗango ma'auni 16, amshi 8, kowane ma'auni bugu huɗu ne. A gudun bugu 90 a minti, ɗango yana cin daƙiƙa 43, amshi 21, uku-uku sun ba ka minti uku da 'yan kai.

Mai gabatarwa: Madalla. Daga Kaduna: na gama ɗauka, me ya rage kafin Juma'a mai zuwa?

Injiniya: Juma'a mai zuwa? Ka manta da ita. Akwai miksin, daidaita murya da kiɗa waƙa-waƙa. Akwai mastarin, inda ake jera duka a sa ƙarfinsu ya yi daidai. Kada ka matsa wa mai mastarin ya ƙure ƙara, Spotify yana maido da kowace waƙa wajen -14 a LUFS, ma'aunin ƙarfin sauti, sai ka yi asarar nauyin ganga a banza. Ka gwada a lasifikar waya da ta mota, can jama'arka za su ji.

Barista: Daga nan sai mai rarrabawa, wato kamfanin da zai ɗora maka albam a dandamalin sauraro, irin DistroKid, TuneCore ko CD Baby. Su za su ba kowace waƙa lambar shaida da ake kira ISRC, albam kuma tasa lambar shaidar, UPC. Hoton bango murabba'i, 3000 sau 3000, babu lambar waya ko adireshin intanet a kai, in ba haka ba a dawo maka da shi. Ka ɗora da saura mako huɗu, domin Spotify na son a gabatar wa editocinsa waƙar da ba ta fita ba aƙalla kwana 7 kafin ranar. Juma'a kuwa ita ce ranar fitarwa ta duniya tun Yulin 2015. Kada ka manta Audiomack da Boomplay. Kuma kada ka tura wa kowa cikakkiyar waƙa "don ya ji kawai", gobe ka tarar da ita wajen 'yan dawunlodin a kasuwar waya.

Mai gabatarwa: Abin da ya sami Nasiru ke nan, da kaset. Wani daga Sakkwato ya ce mako biyu da saki, sauraro 300 kawai, wani ya ce zai sayar masa da 50,000. Ɗana, kai ma ka san amsar, so kake mu sa maka albarka.

Barista: Na'urori ne za su saurara, dandamalin yana ganewa, a goge lissafin ko a sauke albam ɗin gaba ɗaya. Ka duba alƙalumanka: sauraro ba ya shiga lissafi a Spotify sai ya kai daƙiƙa 30, don haka in gabatarwarka ta minti ɗaya ce kana gaishe da 'yan unguwa, nan ake tserewa. Tun 2024 kuma waƙa sai ta kai sauraro 1,000 a wata 12 kafin ta fara kawo kuɗi a can. Ka ga wacce a cikin waƙoƙin aka fi maimaitawa, ka yi mata bidiyo, ka kai ta gidajen rediyo da sigar da babu ashar.

Mai gabatarwa: Ana ɗaga mini hannu ta bayan gilashi. Ta ƙarshe, daga Fagge: sai na je hukuma?

Barista: In a Kano kake aiki, ka leƙa Hukumar Tace Fina-finai ta jiha ka ji sharuɗɗan rajista kafin ka saki, musamman in da bidiyo.

Mai gabatarwa: Mai tambaya kan kuɗin situdiyo daga Agadas, da mai son sanin yadda ake raba kuɗin wasan dandali, wasiƙunku suna hannuna, su za mu fara da su mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Injiniya, Barista, mun gode. A huta lafiya.