Tsintsiya Kafin Fenti: Yadda Matasan Dakar Suka Ƙwace Bangon Unguwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyaye da ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya, kuna ji na? Madalla.

An ce in yi magana kan zanen bango a birane. Ni kuwa Dakar zan kai ku, babban birnin Senegal, shekarar 1990.

Ku fara sanin halin da garin ke ciki. A Fabrairun 1988 an yi zaɓe, shugaban ƙasa Abdou Diouf ya ci, magoya bayan jagoran adawa Abdoulaye Wade suka ce an yi maguɗi, gari ya kama da wuta har aka sa dokar ta-ɓaci. Shekarar karatu ta tashi a banza saboda yajin ɗalibai. A Afrilun 1989 rikici ya ɓarke tsakanin Senegal da Muritaniya, aka zubar da jini a titunan Dakar ɗin nan. Ga tsuke bakin aljihu da masu ba da bashi suka ɗora wa gwamnati, kwashe shara ya gagara. Bola ta yi tsiri a bakin kasuwa, kwatami ya toshe.

Sai matasa suka fito da tsintsiya, ta hannun ƙungiyoyin wasa da al'adu na unguwanni, waɗanda dama su ke shirya gasar ƙwallo lokacin damina. Suka kira abin Set Setal, da harshen Wolof ke nan: ka yi tsabta, ka kuma tsabtace. Suka share, suka yashe kwata, suka shafa farar ƙasa a gindin bishiyoyi. Suka bi gida gida karɓar gudummawa, wani lokaci har da tare masu mota a hanya, abin da ba kowa ya yi wa daɗi ba. Sai da aka gama wannan aka ɗauko fenti.

To wa suka zana? Wannan ita ce tambayar da ta kawo ni nan. Gwamnati ba ta ba su jerin sunaye ba. Suka zana Lat Dior, sarkin Kajoor da ya yaƙi Faransawa har ya rasu a 1886. Suka zana masanin tarihi Cheikh Anta Diop, da Mandela da aka sako a Fabrairun 1990, da Alhaji Malik Sy na Tijjaniyya. Amma fuskar da ta fi kowace yawa ita ce ta Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa ɗariƙar Muridiyya da garin Tuba, Turawa suka kai shi Gabon gudun dole a 1895.

Hotonsa ɗaya ne ya shahara, na wajen 1913. Yana tsaye cikin farar riga, rawani ya rufe masa baki, rana ta sa inuwa ta cinye rabin fuskarsa. Wannan hoto guda masu zane suka yi ta maimaitawa, a katangar masana'anta, a ƙofar shagon tela, a jikin motar haya. Wani mai zane da ake kira Papisto Boy ya kwashe shekaru yana cika doguwar katanga a unguwar Bel-Air da fuskoki, in ruwa ya wanke ya dawo ya sake.

Kada ku yi mamaki. Ku tuna hoton Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha da ke manne a gilashin motocinmu da shagunanmu. Ƙasar ɗaya ce.

Akwai dabara a ciki kuwa. Bangon da aka zana Shehu, wa zai tsuguna a gindinsa ya yi fitsari? Wa zai juye masa shara? Mu nan sai mu ɗauki gawayi mu rubuta "An hana fitsari a nan, tara dubu biyar", ƙarƙashin rubutun kuma zarni ya hana ka wucewa. Na ga kuna dariya, to kun san bangon.

Na hango Malam yana girgiza kai, na san zancen hoton mai rai ne. Allah ya gafarta Malam, malamai sun yi magana a kai, kuma ba ni zan raba gardamar ba. Abin da zan ce shi ne maginanmu sun daɗe da samun hanyarsu. Je ka cikin birnin Zariya, ko unguwar Birni a Damagaram, ka dubi fuskar tsofaffin gidaje: dagi, takobi, allo, an fito da su da laka an shafe da makuba. Da zamani ya juya magina suka fara sa keke da agogo da jirgin sama a saman ƙofar zaure. Daga bakin titi ka san maigidan attajiri ne ko malami. Bambancin kawai, namu maigida ke biya don gidansa, na Dakar unguwa ce ta haɗa kuɗi don bangon kowa.

Set Setal bai daɗe ba. Cikin 'yan shekaru zafinsa ya huce, rana da iskar teku suka cinye yawancin zanen. Amma hannun ya zauna. Tun 2010 ake bikin zanen bango na Festigraff a Dakar, wanda mai zane Docta ya fara, kuma a 2020 da annobar korona ta zo, masu fenti ne suka cika katangu da hoton wanke hannu da takunkumi, don wanda bai iya karatu ba.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Ɗalibar can ta ɗaga hannu tun ɗazu, a miƙa mata lasifika.