Wa zai tsaya wa ƙaramin banki?

Jama'a, assalamu alaikum. Ƙaramin bankin da ke ba mai ƙosai da mai ɗinki rance, shi ma maroƙin rance ne. Ajiyar da yake tarawa ba ta isarsa, ga ta kuma mai saurin fita. In ya je babban bankin kasuwanci, sai a ce ya kawo jingina, alhali dukiyarsa duk basussuka ce a hannun dubban talakawa, ba gida ba fili.

A nan mai tsayawa yake shigowa, wato hukumar da ke yi wa babban bankin alkawarin ɗaukar wani kaso na asarar in ƙaramin ya kasa biya. Ku lura, da farko ba ya miƙa ko kwabo, alkawari ne a rubuce. Shirin tsayawa na DCA da Amurka ta kafa a 1999, a lokacin da yake aiki, yakan ɗauki har rabin asarar uwar kuɗi. Irin wannan shiri mai suna ARIZ na AFD, hukumar raya ƙasashe ta Faransa, yana kaiwa kashi 75 cikin ɗari idan mai cin bashin ƙaramin banki ne.

A ce babban banki ya ba ƙaramin banki naira miliyan 200, an tsaya wa rabi. Aka biya 120, sai abin ya cije. Saura 80: mai tsayawa ya biya 40, babban bankin ya haɗiye 40. Da gangan aka bar masa wannan rabin, don in an tsaya masa duka, ba zai ƙara buɗe littafin kowa ba. Kuɗin ruwan da ya taru galibi ba ya ciki.

Babbar ribar a ganina ita ce bashin na naira ne. Wanda ya ranto dala kafin Yunin 2023, tana wajen naira 460, ya zo biya a 2024 ta haura 1,500, alhali mai ƙosai naira take kawo masa.

Inda ake tuntuɓe kuwa, kuɗin garantin ne, wato ladan da mai tsayawa yake karɓa. Akwai na shiga, akwai na shekara-shekara, kuma babban bankin yakan ɗora su a kan ƙaramin ba tare da ya sassauta ruwa ba. Saboda haka ku masu ƙananan bankuna ku yi ciniki kafin sa hannu: a rage jingina, ko a tsawaita wa'adi. Sannan ku gyara littattafanku. Basussukan da suka wuce kwana 30 ba a biya ba, in sun haura kashi 5 cikin ɗari na duk rancen da kuka bayar, ko mai tsayawar ma sai ya ja da baya.