Dharwad: Garin Kudu Mai Waƙar Arewa

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya a Kano ko Zinder ya san mutanen nan ba sa wasa da waƙa. To amma a bayan waƙoƙin fim akwai kiɗan gargajiya na asali, kuma ya kasu gida biyu: na Arewa, wanda ake kira Hindustani, da na Kudu, wato Karnatik. Yau za mu leƙa gundumar Dharwad a jihar Karnataka, inda ake magana da harshen Kannada. Kudu ce, amma manyan mawaƙanta salon Arewa suka riƙa.

Ta yaya? Ta hanyar almajirci. Wani shahararren mawaƙi Musulmi, Ustaz Abdul Karim Khan, ya koyar da wani yaro ɗan garin Kundgol, a wannan gunduma, mai suna Rambhau. Shi ne daga baya aka sani da Sawai Gandharva. Da ya koma gida, sai gidansa ya zama makaranta.

A cikin almajiransa akwai Bhimsen Joshi, ɗan wannan yanki, haifaffen 1922. Yana ɗan shekara 11 ya gudu daga gida neman malami, yana bin jiragen ƙasa har Gwalior, can tsakiyar ƙasar. Ashe abin da yake nema yana ƙofar gida. A 1936 ya zauna a wurin Sawai Gandharva, kuma kafin a ba shi karatu sosai sai da ya sha ɗaukar tulu yana ɗebo wa gidan malam ruwa. Wanda ya yi zaman tsangaya ya san wannan tarbiyya. A 2008 gwamnati ta sanar da ba shi Bharat Ratna, lambar girma mafi daraja a Indiya.

Ni dai wadda ta fi burge ni ita ce Gangubai Hangal. An haife ta a 1913, a gidan da masu ji da asali ke kallo a raine, a zamanin da mace mai waƙa ba ta da mutunci a idon jama'a. Jirgin ƙasa take hawa daga birnin Hubli zuwa Kundgol don ɗaukar darasi, ta komo. Muryarta kuwa mai kauri ce, wanda ya ji ta a rediyo sai ya ɗauka namiji ne. Ta rasu a 2009 tana da shekara 96. Akwai kuma Mallikarjun Mansur, shi ma ɗan wannan yanki ne, amma labarinsa sai wani lokaci.

Gangubai tana 'yar shekara 11 ta yi waƙa a taron jam'iyyar Congress, mai neman 'yancin Indiya, na 1924 a birnin Belgaum, wanda Mahatma Gandhi ya shugabanta. Ku riƙe wannan shekara, mu koma baya da shekara 100 cif.

A 1824 sarauniyar Kittur, wata masarauta kusa da Dharwad, mai suna Chennamma, ta ɗauki ɗan riƙo don ya gaji sarauta. Turawan Ingila suka ce ba su yarda ba, domin su haɗiye masarautar. Jami'insu da ke Dharwad, Thackeray, ya taho da sojoji, aka gwabza, aka kashe shi a ƙofar Kittur. Turawa suka dawo da ƙarfi, suka kama ta, ta rasu a tsare a Bailhongal a 1829. Jaruminta Sangolli Rayanna ya ci gaba da yaƙin sunƙuru har aka rataye shi a 1831. Yau Kittur tana cikin gundumar Belagavi (wato Belgaum a da), amma dogon ginin tunawa da Thackeray yana nan a Dharwad, a cikin lambun da ke ɗauke da sunan matar da ta ci shi da yaƙi.

Sai marubucin waƙoƙi D. R. Bendre, haifaffen Dharwad a 1896. Da Kannada irin na kasuwa da tsakar gida yake rubutu. Ya rubuta waƙar Narabali, ma'ana hadaya da ɗan Adam, Turawa suka ce tunzura jama'a ce, suka tsare shi a 1932. Bayan shekara 41, kundinsa Naaku Tanti, wato tsirkiya huɗu, ya ci kyautar Jnanpith, babbar kyautar adabi ta Indiya. Gidansa na unguwar Sadhanakeri yana nan, masu son waƙarsa na zuwa ziyara.