Ƙungiyar makasa ta Assassin's Creed da ainihin mutanen Alamut

Jama'a, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya taɓa leƙa shagon gem a Unguwar Rogo ko titin Bauchi a nan Jos ya san mutumin nan mai farar alkyabba, wanda ke dirowa daga ƙololuwar hasumiya cikin tarin ciyawa, ya miƙe ko ƙwarzane babu. Altaïr ke nan, na wasan Assassin's Creed da kamfanin Ubisoft ya fitar a 2007.

A labarin wasan, ƙungiyarsa ta asiri ta samo asali ne a tsohuwar Masar, zamanin sarauniya Kiliyofatira, daga wani Bayek da matarsa Aya, kuma har gobe tana gwabzawa da abokan gabarta, 'yan Templar. Makaminsu wuƙa ce ɓoye a hannun riga. A da, sai an guntule wa mutum yatsan zobe kafin ya ɗaura ta. Wannan duk ƙirƙira ce.

Amma ganuwar Masyaf da Altaïr ke zaune tana nan a Siriya, kuma ƙungiyar makasa irin tasa ta taɓa wanzuwa a tarihi. A 1090 wani malamin Isma'iliyya (wani ɓangare na Shi'a), Hasan Sabbah, ya ƙwace ganuwar Alamut a tsaunukan arewacin Iran. Ba shi da rundunar da za ta kara da daular Saljuk a fili, sai ya koma farautar manya ɗaya bayan ɗaya. A 1092 aka daɓa wa babban wazirin Saljuk, Nizamul Mulk, wuƙa. Mai kisan yakan saje da mabarata ko barorin gida, ya aikata a bainar jama'a, ba ya ma sa ran tsira. Kun ga bambanci da ɗan wasa, da zai sheƙe mutum ashirin ya haye rufin ɗaki ya ɓace.

Reshen ƙungiyar Hasan Sabbah a Siriya, mai mazauni a Masyaf, ƙarƙashin Rashiduddin Sinan, sau biyu ya kai wa Salahuddin Ayyubi hari, a 1175 da 1176, Allah bai nufa ba.

Wasan ya ja rayuwar ƙungiyar har zuwa Italiya da Amurka da Landan. A tarihi kuwa, Mangolawan Hulagu sun karɓe Alamut a 1256, Sarki Baibars na Masar ya gama da sauran ganuwoyin Siriya a 1273. Su ma 'yan Templar na ainihi, wata ƙungiyar mayaƙan Kirista, Paparoma ya rushe su a 1312.