"Wa Zai Karanta Shirmena?" Shakkar Sabon Marubuci da Amfanin Zama Cikin Marubuta

[Hoto: yatsa a kan waya, ana rubutu ana gogewa]

Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa.

A cikin wayoyin da yawa daga masu kallon wannan bidiyon akwai labarin da aka fara ba a ƙarasa ba. Wani shafi uku ne, wani ya kai babi na biyar ya cije. Wasu kuma nasu yana cikin tsohon littafin makaranta, an juya shi ta baya an fara rubutu, an cusa ƙarƙashin katifa don kada ƙanne su gani su samu abin tsokana. In ka tambayi mai shi, zai ce ai babu lokaci ne. In ka ɗan matsa sai gaskiyar ta fito: "Ni wa? Wa zai karanta shirmena?"

Wannan shakkar za mu duba yau, da irin taimakon da zama cikin sauran marubuta ke yi mata, da kuma irin zaman da ba ya tsinana komai, don shi ma akwai shi.

[Hoto: tsofaffin littattafan Hausa a kan kanta]

Mu koma 1933. A shekarar ne Rupert East, Baturen da ke kula da hukumar fassara da talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Ya bi garuruwa yana neman malamai su shiga. Daga baya shi da kansa ya bayyana cewa babbar wahalar ita ce shawo kan malaman su yarda aikin ya cancanci a yi shi. Mutane ne masu karatu, sun san littattafan Larabci, amma ƙirƙirar labari a wurinsu tatsuniya ce, ta mata da yara da dare. Malami da rawaninsa ya zauna yana shirya abin da bai faru ba? Da kunya.

Duk da haka wasu suka rubuta, aka buga littattafai biyar daga gasar. Cikin marubutan akwai Abubakar Imam, malamin makaranta a Katsina, lokacin bai wuce shekara 22 ba. Akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Abin lura shi ne babu ɗayansu da rubutunsa ya tashi daga hannunsa ya faɗa injin ɗab'i kai tsaye. Sai da aka karanta, aka yi gyara, aka yi musayar ra'ayi. Imam ma daga baya Zariya ya koma suka zauna da East suna aiki tare, kafin ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Littattafan da muke karantawa a makaranta kamar daga sama suka sauko, sun bi ta hannun wani mai jan biro.

[Hoto: rumfunan masu sayar da littattafai a Kano]

Bayan shekara hamsin da 'yan kai, a Kano, sai ga wani sabon ayari. Matasa ne maza da mata, ba su da kamfanin da zai buga musu littafi, sai suka koma bugawa da kuɗin aljihunsu. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa. A Raina Kama akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda karatun bokonsa sai da ya girma ya yi shi a makarantar manya. Akwai Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure. In takardar shaida ce ke ba mutum izinin rubutu, da babu ɗayansu da zai ɗauki biro. Yau ana nazarin littattafansu a jami'o'i, an kuma fassara ɗaya daga cikin na Balaraba zuwa Turanci a 2012.

Kuma ba tafi aka tarbe su da shi ba. A shekarun 1990 an yi ta muhawara a shafukan jaridu, wasu masana na kiran abin da suke yi "adabin kasuwar Kano", wasu na cewa littattafan soyayya ne masu ɓata tarbiyya. Abin da ya riƙe su shi ne junansu. Wannan ya san maɗaba'ar da ba ta cuta, wancan ya san dillalin da ke biya. Har jerin sunayen littattafan 'yan ƙungiya sukan saka a cikin littafin ɗan'uwansu, mai karatu ya gama wannan ya je neman wancan.

To, me ya sa haɗuwa da wasu ke rage shakka? A nan zan ɗan daɗe, don nan ne gundarin maganar.

[Hoto: mutum shi kaɗai da takarda a gabansa]

Idan kana zaune kai kaɗai, tambaya ɗaya ce ke yawo a kanka: na iya ko ban iya ba? Wannan tambayar ba ta da amsa. Ba a auna ta, ba a gyara ta. Yau ka karanta abin da ka rubuta ka ji kamar ka fi kowa, gobe ka sake karanta shi ka ji kunya ta rufe ka, alhali ko wasali ɗaya bai canza ba. Kai ne marubucin, kai ne alƙali, kai ne mai gabatar da ƙara, ina za a samu adalci?

Aikin da mutanen kirki ke yi maka shi ne su farfasa wannan ƙatuwar tambayar ta koma ƙananan matsaloli masu suna. Bari in nuna misali.

A ce wata sabuwar marubuciya ta kawo shafi biyu zaman karatu. A cikin labarin, kaka ce a ƙauye za ta faɗa wa jikarta an yi rasuwa. Marubuciyar ta sa a bakin tsohuwar: "Ina mai matuƙar baƙin cikin sanar da ke cewa mahaifinki ya riga mu gidan gaskiya." Ta karanta a fili, aka yi shiru. Sai wata da ta girme ta a harkar ta ce, "Ƙanwata, labarin nan ya kama ni tun daga layin farko, inda yarinyar ke ƙirga kuɗin awara tana ɓoye na kati. Amma kakar nan taki mai karanta labarai ce a gidan rediyo? Ya kakarki take magana in abu ya faru?"

Marubuciyar ta yi dariya, ta yi ɗan tunani, ta ce, "Cewa za ta yi, ke 'yar nan, ajiye tulun nan ki zo ki zauna."

Shi ke nan. Ta shigo da fargabar ko ita marubuciya ce, ta fita da aikin yi: ta gyara bakin tsohuwa. Ta kuma fita da sanin cewa wurin kuɗin awara ya yi kyau, abin da ita ba ta ma lura da shi ba. Kamar yarinyar da ta yi tuwon farko ne ya yi gudaji. In aka ce mata "ba ki iya girki ba", an kashe mata gwiwa a banza. In uwa ta ce "garin ne kika juye gaba ɗaya, gobe ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina tuƙawa", gobe da kanta za ta ɗora tukunya.

[Hoto: saƙonni na shigowa a zauren WhatsApp]

Yanzu ga inda mutane ke ruɗewa. Yawancin masu fara rubutu a yau ba a ɗakin taro suke haɗuwa ba, a WhatsApp ne da Facebook da Wattpad. Ana sakin labari shafi-shafi, masu karatu na biye. Wannan babbar dama ce, musamman ga matan da ke gida, waɗanda zuwa taron marubuta a wani gari zai yi musu wuya. Amma ku duba irin sharhin da ya fi yawa: "Masha Allah." "Allah ya ƙara basira." "Anti a ci gaba don Allah, muna jira." Sai hoton wuta da na zuciya.

Addu'a abu ce mai kyau, ba mai ƙin ta. Sai dai ni a ganina irin wannan yabon ba ya maganin shakka, lallashinta kawai yake yi ta kwanta zuwa dare. Saboda can ƙasan ranka ka san abin da aka rubuta maka shi aka rubuta wa na gabanka, shi za a rubuta wa na bayanka. Ranar da sharhin ya ragu kuma, sai ka ce shi ke nan, an gano ban iya ba. Akwai masu daina labari a tsakiya saboda wannan kawai.

Ɗaya gefen kuma akwai zauren da manya ke baje kolin iliminsu a kan ƙanana. Ka kawo labari, kafin a kai ga abin da ya faru a cikinsa an tsaya a kan ka haɗe "shi ne", ka raba "yana", ka rubuta ƙofa babu lanƙwasa. A yi ta yi har ka ji da ma ba ka kawo ba.

Ƙa'idojin rubutu wajibi ne, kada wani ya ce na ce a yi watsi da su. Amma abin koyo ne, cikin 'yan makonni mai naci zai kama mafi yawansu. Su kansu masana sai da suka yi ta zama kafin a daidaita: an yi taro a Bamako a 1966, an yi wani a Yamai a 1980, kuma har yau akwai harafin da Nijar ke rubutawa daban da Nijeriya. Wanda bai gama sanin inda ake raba kalma ba, gyara yake buƙata. Wannan bai ce komai ba game da ko ya iya ba da labari.

To ta yaya za ka gane zauren da ya dace? Kafin ka saka naka, yi shiru ka kalli yadda ake yi wa wasu. Ana ambaton takamaiman wuri a cikin rubutun, ko yabo ne na jimla? In an yi gyara, rubutun ake taɓawa ko mutumin? Manyan cikinsu suna kawo nasu a duba, ko su dai alƙalai ne har abada? Wannan na ƙarshen ya fi komai tona asirin zaure. Ranar da ka ga wanda ya buga littattafai ya kawo babinsa, an ce masa tsakiyar ta yi sanyi, ya ce "haka ne, ni ma na ji", ranar za ka gane ba kai kaɗai ke kwana da shakka ba.

[Hoto: mutum uku zaune a kan tabarma, ɗaya na karatu]

In ba ka samu irin wannan ba, ba sai ka jira ƙungiya mai shugaba da sakatare ba. Mutum uku sun isa. Ku sa rana, kowa ya zo da shafi biyu, kada ya wuce haka. Mai rubutun ya karanta da bakinsa, don kunne na kama abin da ido ya tsallake. Duk inda harshenka ya sarƙe, jimlar ce ke da matsala. Kuma a hana shi share fage da "ku yi haƙuri, ba wani abin kirki ba ne". Karanta kawai.

Idan ya gama, maimakon "ya kuka gani?", ya yi tambayar da za a iya amsawa. A ina hankalinku ya fara tafiya wani wuri? Wane ne a cikin mutanen labarin ba ku yarda da shi ba? Me kuke zaton zai faru a gaba? Yayin da ake amsawa kuma ya kama bakinsa, ya rubuta. Ba dole ne ya karɓi duk abin da aka faɗa ba. In mutum ɗaya ya yi ƙorafi a kan wuri, wataƙila ra'ayinsa ne. In biyu suka yi tuntuɓe a wuri guda ba tare da sun haɗa baki ba, to a koma a duba wurin.

Wani abin da ke taimakawa shi ne wa'adi. Shakka na son "sai na shirya", wa'adi kuwa ba ruwansa. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata, akwai kuma wasu gasanni da ƙungiyoyi da jaridu kan sanar lokaci zuwa lokaci. Gajeren labari abu ne da za a iya gamawa, a karanta wa abokai, a gyara, a tura. Ko ba a ci ba, an fita daga sahun masu "ina da wani labari a kaina" an shiga sahun waɗanda suka kai ƙarshen ɗaya.

Masu tsoron a sace musu labari kuma, tsoron yana da tushe, don ana kwafe rubutun mutane a intanet a cire suna. Kada ku saki littafi sukutum a babban zaure. Ku fara da 'yan mutanen da kuka sani, ku tura wa kanku kwafi ta imel don kwanan wata ya zauna, ku kuma sa sunanku a kan kowane shafi.

A bidiyo na gaba za mu ɗauki hira tsakanin mutum biyu a cikin labari, mu gyara ta layi-layi a gabanku, ku ga yadda ake bambanta bakin dattijo da na saurayi ba tare da an rubuta "in ji wane" ba. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.