Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ina Ake Fara Tsara Haɗa Sinadari?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau wasiƙun da muka zaɓo duk na ɗaliban kimiyyar sinadarai ne da malamansu.

Ta farko daga wata ɗaliba ce a Zariya. Ta ce a jarrabawa akan ba su benzin, wato sinadari mai zoben kabon shida, da wasu ƙananan sinadarai masu kabon uku ko ƙasa da haka, a ce su tsara yadda za a haɗa wani magani, ita kuwa sai ta rasa ta ina za ta kama.

To malama, kada ki fara da kayan da aka ba ki. Fara da abin da ake so ki haɗa, ki riƙa komawa baya. Telan da ke son sanin yadda aka ɗinka wata riga ai farke ɗinkinta yake yi, ba ƙura wa yadi ido ba. Wanda ya tsara wannan dabara ta zama ilimin da ake koyarwa shi ne Elias James Corey na Jami'ar Harvard a Amurka, kuma a kanta ya samu kyautar Nobel a 1990.

Mu ɗauki farasitamol. Zoben benzin ne, a gefe guda akwai rukunin OH, wato oksijin haɗe da haidirojin, a gefen da ke fuskantarsa akwai naitirojin riƙe da wani guntu mai kabon biyu. A ina za ki yanka? A inda kika san akwai hanyar sake haɗawa. Yanka tsakanin naitirojin da guntun nan, sai ki samu aminofenol, wato zoben da naitirojinsa, da asetik anhaidiraid, mai ba da guntun, waɗanda suke haɗuwa cikin sauƙi. Za ki ce me zai hana guntun ya maƙale a kan OH? Naitirojin ɗin ya fi oksijin saurin cafke shi, shi ya sa. Sai ki sake tambaya, shi aminofenol daga ina? Daga naitirofenol, idan aka mayar da rukunin naitiro (naitirojin mai oksijin) zuwa amin (naitirojin mai haidirojin) da iskar haidirojin da sinadarin da ke hanzarta aikin. Naitirofenol kuma daga fenol, wato zoben benzin mai OH kaɗai, da asid na naitirik mai ruwa-ruwa. A nan akwai ɗan aiki, domin naitiro yakan sauka a gurbi biyu, kusa da OH da kuma daura da shi. Ana raba su da tururi, na kusan ya tashi da tururin, wanda kike so ya zauna. Fenol kuwa a masana'anta daga benzin da furofin mai kabon uku ake samunsa, asetik anhaidiraid kuma daga asid na asetik mai kabon biyu. Kin ga kin iso kan kayan da aka ba ki. Yanzu sai ki juya takardar ki rubuta daga farko.

Wani malamin sakandare daga Maraɗi yana tambaya ko akwai laifi a sauya jerin matakai, tunda kayan dai su ne. Malam, akwai babban laifi. Ka sa buromin a kan benzin tukuna sannan ka sa naitiro, naitiron zai tafi kusa da buromin ko daura da shi. Ka fara da naitiro, buromin zai tsallake gurbi ɗaya ya zauna a na uku. Sinadarai ne daban. Wanda ya fara hawa zoben shi ke nuna wa na biyu wurin zama.

Sai wani ɗalibin harhaɗa magunguna daga Kano da ya ce, in dai hanya ta kai, me ya sa ake damuwa da yawan matakanta?

Lissafi ne ke sa a damu. A ce kowane mataki yana ba ka kashi 80 cikin 100. Bayan mataki uku kana da kusan kashi 51, bayan goma saura kusan kashi 11. A 1901 Richard Willstätter ya haɗa sinadarin turofinon ta doguwar hanya, abin da ya samu bai kai kashi 1 ba. A 1917 Robert Robinson ya dubi siffar sinadarin, ya hango gutsattsari uku a cikinsa, ya haɗa su a tukunya ɗaya.

Na fi son misalin ibuprofen, maganin rage ciwo, domin a nan ne ake ganin kuɗi ƙiri-ƙiri. Hanyar kamfanin Boots na Ingila ta shekarun 1960 mataki shida ce, kuma kusan kashi 40 ne kawai na nauyin kayan da aka zuba ke shiga cikin maganin, sauran shara. Hanyar kamfanin BHC, da aka fara aiki da ita a Texas a 1992, mataki uku ce, kuma kason ya kai 77. Duka biyun daga sinadari ɗaya suke tashi, wato aisobiyutilbenzin. Amma kada ka ɗauka gajarta kaɗai ake dubawa. Hanyar BHC na amfani da haidirojin fulorayid, mai tsananin haɗari, da ƙarfen faladiyam mai tsada, kuma hanyar ta ci riba ne saboda ana tattaro su a sake aiki da su.